Wa za ka ba fassarar takardar dangantaka daga Sifaniyanci zuwa Turanci?

Duk wanda ya yi aure ko ya haihu a Sifaniya, wata rana yana iya neman a juya masa takardunsa zuwa Turanci, ko don bizar Birtaniya, ko don maganar gado da za a kai wa lauya a Najeriya ko Gana. Masu aikin suna da yawa, kowa da farashinsa. Ni dai kafin in tambayi kuɗi, sai na ga yadda mutum yake yi da kalmomin dangantaka, domin a nan ake yawan yin tuntuɓe.

Na taɓa riƙe wata fassara da aka mayar da hermanos ta zama brothers, alhali mamacin ya bar ƙanne maza biyu da mace ɗaya. Da kalma guda aka shafe baiwar Allah daga takarda. A Sifaniyanci jam'in namiji yakan haɗa maza da mata, don haka siblings ya kamata a sa, kamar yadda hijos yake children. Parientes kuwa dangi ne, ko kusa ba iyaye ba, duk da kamar da take yi da parents.

Inda abin ya fi nauyi shi ne gado. Dokar Sifaniya ta 1889, wato Código Civil, ta raba hermano de doble vínculo da medio hermano. Wanda ya zauna gaban malami ana rabon gado ya san wannan: na farko shaƙiƙi ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na biyu li'abi ko li'ummi. Sashe na 949 ya ba shaƙiƙi ninki biyu na rabon ɗayan idan sun haɗu. Lauyoyin Ingila suna cewa of the whole blood da of the half blood. Idan mai fassara ya sa stepbrother, ya mayar da ɗan uba agola, wanda ba jini tsakani. Haka ƙidayar matakan kusancin dangi: sashe na 918 ya sa ɗan'uwa a mataki na 2, kawu ko baffa a na 3, 'ya'yan kawu ko baffa a na 4, kuma daga nan gadon dangin gefe yake tsayawa idan babu wasiyya. Likitocin Turawa kuwa ɗan'uwa first-degree suke kiransa, shi ya sa gwani yakan ƙara ɗan bayani cewa lissafin dokar Sifaniya ne.

To, wa za a ba? Google Translate da DeepL suna da amfani idan kana son ka fahimci abin da takarda ta ƙunsa kafin ka kashe kuɗi. Iyakarsu ke nan. Babu sa hannu, babu wanda zai ɗauki alhaki, kuma na'ura na iya ba ka second uncle a madadin tío segundo, wanda a Turanci first cousin once removed ne. Abokin da ya iya harsunan biyu ma kusan haka yake. Zai yi maka don zumunci, amma iya hira a kasuwa daban, sanin cewa hermano político ɗan'uwan miji ko na mata ne, ko mijin 'yar'uwa, daban.

Sai traductor jurado, wato rantsattsen mai fassarar da Ma'aikatar Harkokin Wajen Sifaniya ta naɗa, mai hatimi da lamba. Ma'aikatar tana wallafa sunayensu a shafinta na intanet, ka duba ka tabbatar na Turanci ne, don kowa da harshen da aka naɗa shi a kai. Gwamnati ba ta yanke musu farashi, saboda haka ka tambayi mutum biyu ko uku, ka ji ko da shafi suke lissafi ko da kalma. Idan takardar za ta bi ta hannun notario, wato jami'in da yake shaida takardun doka, ko kotun Sifaniya, kada ma ka tsaya neman wani. Sai dai hatimi shaidar izini ce kawai. Wani jurado ɗin kwantiragin kamfanoni ya saba da shi, bai taɓa zama kan takardar magada ba.

Birtaniya ba ta da tsarin rantsattsun masu fassara. Abin da hukumar shige da ficenta take nema shi ne mai fassara ya rubuta cewa aikin daidai yake da asali, ya sa kwanan wata, cikakken suna, sa hannu da yadda za a same shi. Mambobin ITI da CIOL, ƙungiyoyin masu fassara na Birtaniya, sun saba da wannan. Amurka ma shaidar mai fassara take so, cewa ya iya harsunan kuma bai rage komai ba. Wanda zai kai takardar haihuwa ko aure Ireland ko Malta kuwa, ya fara tambayar ofishin rajistar Sifaniya fom mai harsuna da yawa na Tarayyar Turai, wanda ya fara aiki a 2019; sau da yawa yana raba mutum da kuɗin fassara gaba ɗaya. Birtaniya ta fita daga Tarayyar, kada ka dogara da shi a can.

A ganina takardar haihuwa mai shafi ɗaya ba ta cancanci tsada ba, duk mai shaidar da ofishin zai karɓa ya isa. Takardar magada ko wasiyya kuwa, a nemi wanda ya san dokar iyali ko da ya fi kuɗi. Kafin ka tura ko sisi, ka tambayi ofishin da zai karɓa ko yana son hatimin apostille, mai tabbatar wa ƙasar waje cewa takardar ta hukuma ce, a buga shi tukuna domin a fassara har da shi. Sannan ka aika wa mai fassarar kalma uku ta waya, hermanos, doble vínculo da consuegro, ka ji amsarsa. Ta ukun ba ta da takwara a Turanci, dangantaka ce tsakanin iyayen miji da iyayen mata. Idan ya ce maka sai dai a yi mata bayani da jimla, ka ba shi aikin.