Wata Ɗaya ko Wata Shida: DSM-5 da ICD-11 Wajen Gano Sikizofireniya

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, don haka likita ya dogara ne ga alamomi, yana aiki da ɗayan kundaye biyu na ƙa'idojin gano cututtuka: DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Taɓin Hankali ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ko ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022.

Dukansu suna neman alamomi biyu aƙalla, kamar jin muryoyin da babu su, ko kafewa kan tunanin da ba shi da tushe, ko magana marar kan gado. Inda suka rabu shi ne lokaci. ICD-11 ya wadatu da wata ɗaya, amma DSM-5 yana so a ga alamun ciwon sun ɗore wata shida, tare da koma-baya a aiki, ko mu'amala, ko kula da kai, sharaɗin da ICD-11 bai gindaya ba.

A ganina jinkirin DSM-5 yana da hujja, domin sunan ciwon nauyi gare shi, kuma shan ƙwaya ko wata cutar ƙwaƙwalwa na iya kawo irin waɗannan alamomi. Sai dai bai kamata magani ya jira cikar wata shidan ba.