Kafin ka sayi oyil kula saboda jan kaya da Hilux ko Tundra

Ranar da aka fara nuna mini zafin man giyar motata a waya sai da gabana ya faɗi, muna tsakiyar Hawan Kibo za mu shiga Jos, janareto a kan ƙaramar tirela a baya, allurar zafin inji tana tsakiya daram kamar ba komai amma man giya ya haura digiri 120 a ma'aunin Salshiyas. Toh daga nan na gane allurar dashbod ruwan inji kawai take kallo, babu ruwanta da abin da ke faruwa a cikin giyabos. Ita kuwa fitilar gargaɗin zafin man giya, A/T OIL TEMP, ba ta kamawa sai tuwo ya riga ya fara ƙonewa.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wace oyil kula zai saya, wato ƴar lagireton sanyaya man giya, sai in ce tsaya tukuna, ka san zafin da motarka take kaiwa? Yawanci shiru. Abin da za ka fara kashe wa kuɗi shi ne ma'auni, kuma shi ya fi komai araha. Akwai ɗan sikanan nan ELM327 mai bulutut da ake sokawa a ramin OBD2 ƙarƙashin sitiyari, kuɗinsa bai kai cika tanki ɗaya ba, ka haɗa shi da manhaja irin su Torque Pro ko Car Scanner, sai dai a motocin Toyota sau da yawa sai an shigar da wata lamba ta musamman kafin zafin giya ya fito, kuma jabun sikanan sun yi yawa a kasuwa, wani yana haɗuwa da waya amma ba ya karanta giya. Wanda ba ya son wahalar waya akwai ScanGauge, ɗan allo ne da ke zama a dashbod kullum, ya fi tsada amma ba ruwanka da caji ko kira ya shigo ya katse maka. Tsohuwar mota wadda kwamfutarta ba ta bayar da wannan karatun sai dai agogon zafi mai sensa a ɗaura a bututun man. Manyan motocin Amurka na baya-bayan nan irin F-150 da Silverado da yawansu suna nuna shi a dashbod, amma da ma'aunin Farenhait, ka riƙe cewa 200 ɗinsu kusan 93 ne a namu, 250 kuma 121.

Man giyar otomatik ya fi jin daɗi tsakanin 80 da 95. Ya leƙa 105 a kan hawa ya sauko ba tashin hankali ba ne. Amma ya riƙa zama a 120 zuwa sama na tsawon lokaci, nan ne man yake fara dafuwa, ya yi baƙi yana warin ƙuna, sil-sil su bushe, faiba, wato farantan kulocin cikin giya, ta fara ci. Kuma mafi yawan zafin daga kwanbata yake fitowa, wato tok kwanbata, don ita da mai take tura ƙarfin inji zuwa giya, muddin ba ta kulle ba tana ta markaɗa man nan kamar injin markaɗe. Kaya mai nauyi, hawa, go-sulo, yashi, duk suna hana ta kullewa. Ka ƙara da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda iskar da za ta sanyaya man ita kanta ta haura 40.

To kafin ma a je kasuwa akwai maganin da ba a biya. Masu Tundra da F-150 su danna Tow/Haul, maɓallin jan kaya, don haka aka yi shi, ba kwalliya ba ne. Hilux mai giya shida ta 2015 zuwa yanzu, ka ja liba zuwa S ka ajiye ta a 4 idan kana jan kaya a hanya mai hawa da sauka, saboda ta biyar da ta shida duk obadiraif ne, wato giyar gudu, motar sai ta yi ta shiga tana fita tana neman giyar da za ta zauna, kuma wannan neme-nemen shi ke dafa mai. Tsohuwa mai giya huɗu kuma ka cire ta daga obadiraif. Motar za ta ɗan ƙara shan man tanki, eh, amma gara asarar mai da ta giyabos. A yashi mai zurfi irin na hanyoyin Agadas kuma 4L ka sa, kar ka tsaya kana murza ta a 4H. Ni dai wannan kaɗai ya sauke mini zafin sosai tun kafin in sayi komai.

Idan ka yi duk wannan kuma lambar tana hawa, toh yanzu ne maganar kula ta taso. Dama yawancin otomatik man giyarsu yana bi ta cikin lagireto ruwan inji ya sanyaya shi, oyil kula ƙari ce a kan wannan, ƴar ƙaramar lagireto da ake ɗaurawa gaba iska ta buge ta. Iri uku za ka tarar.

Ta farko mai bututu ɗaya da ya lanƙwasa yana kai da komo cikin siraran faranti kamar bayan tsohon firij. Ita ta fi araha, ita kuma ta fi rauni wurin sanyayawa, sai ka sa ƙatuwa kafin ta yi aikin ƙarama a sauran. Idan kayanka ba su wuce buhuna a bodi ba za ta yi, amma ga mai jan tirela ni ban ga amfanin wahalar ba.

Ta biyu mai faranti a jere da ƴan ƙananan hanyoyi, mai yana bazuwa a cikinsu maimakon ya bi bututu ɗaya, Hayden suna yin irinta da yawa. Siririya ce, tana shiga tsakanin giril da kwandensar AC ba sai an yanke komai ba, kuɗinta tsaka-tsaki, kuma ga yawancin masu Hilux da ke jan tankin ruwa ko janareto jefi-jefi wannan ta wadatar wallahi.

Ta ukun ita ce mai faranti a ɗore kan juna, mai kauri, irin su B&M SuperCooler da Tru-Cool. Ta fi sanyayawa a daidai girmanta, ba ta matse gudun mai sosai, kuma jikinta ya fi jure tsakuwa da jijjiga, wanda a hanyoyinmu ba ƙaramin abu ba ne. Ita na ɗaura a tawa. Tsadarta da kaurinta ne matsalar, wani lokaci sai an matsar da hon ko an yi mata ƙafa ta musamman. Akwai kuma masu zuwa da fankarsu, Derale sun yi suna a nan, waɗannan na wanda aikinsa a hankali yake tafiya ne, cikin gona ko yashi ko wurin haƙar rijiyar burtsatse inda mota ba ta gudun da iska za ta shigo. Mai tafiyar kwalta ba ya buƙatar ƙarin waya da rile da za su zo su dame shi.

A jikin kwali za ka ga an rubuta GVW, wato jimillar nauyin mota da kayanta, da wata babbar lamba, da fam na Amurka ne ba kilo ba, ka raba da biyu da ɗan ɗoriya ka sami kilo. Ka haɗa nauyin mota da kaya da tirela ka ɗauki wadda ta haura haka, don su a yanayinsu suka auna. Maganar kar mai ya yi sanyi da yawa har a nemi mai tamostat, wannan damuwar masu ƙanƙara ce, mu nan ko a Jos da Gembu idan an bar man yana bi ta lagireto ba wata matsala.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi sayen kular muhimmanci, wato ɗaurin. Man ya fito daga giya, ya shiga lagireto, ya wuce sabuwar kula, sannan ya koma. Wasu makanikai sai su toshe hanyar lagireto gaba ɗaya su bar kular ita kaɗai, a go-sulo kuwa babu iska sai zafi ya tashi, ga shi ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi. Ni wani bakanike da ba zan kama suna ba ya sa mini tiyon fetur na gama-gari da kilif ɗaya, ko wata biyu ba a yi ba tiyon ya yi laushi ya zame, ina duba madubi na ga jan mai yana bin kwalta kamar an yanka rago, Allah Ya taimaka na tsaya da wuri. Tiyo ka nemi wanda aka rubuta SAE J1532 a jikinsa, shi aka yi don man giya mai zafi. Sannan ƴan robobin nan da ake sokawa ta cikin kwandensa a ɗaure kula, a hanya mai gargada suna cin farantin har su huda, gara mai walda ya yi maka ƙafar ƙarfe. Ka kuma sani AC zai ɗan rage sanyi tunda an tare masa gaba.

Ta Beljiyam fa? A Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka samu na asali da aka ciro daga wasu motoci, ƙarfe mai kyau, amma ba ka san giyar da aka ciro ta ba, idan ta mutu ne garin ƙarfenta yana nan maƙale a ciki kuma mai faranti ba ta wankuwa tas. Wannan kam sabuwa ta fi.

Masu sayen Tundra su leƙa gaba da idonsu, ta 2007 zuwa 2018 mai kayan jan tirela tana zuwa da kularta, daga 2019 zuwa 2021 Toyota sun cire, kuma waɗanda aka cire wa ɗin ba tiyo kawai za ka yanka ba, sai da adafta da ake ɗaurawa jikin giyabos, ka sa kuɗinsa a lissafi. Babban faranti mai zurfi na ƙasan giya kuma mai yake ƙarawa, yana jinkirta zafi amma ba ya korarsa a dogon hawa, ga shi yana rage tazarar ƙasa, ni a ƙarshe nake sa shi.

Bayan ɗauri sai an ƙara mai tunda kula da tiyo sun sha nasu, kuma irin wanda littafin motar ya ce, T-IV ko WS a Toyota, Mercon LV a yawancin Ford masu giya shida, Dexron VI a Silverado mai giya shida, ba kowane jan mai da aka miƙo maka a galan ba. Masu WS da yawa ba su da sandar gwaji, ta ƙasa ake duba cikarsu a wani zafi na musamman, don haka nan ma sikanan naka zai yi aiki. Tawa da muka gama na koma Hawan Kibo da janareton nan dai, a S4, tun daga ƙasa har sama idona na kan wayar, ba ta taɓa 100 ba.