Only Yesterday ko 5 Centimeters per Second: wanne za ki fara kallo?

'Yar'uwa, kin ce an gaya miki katun ɗin Japan ba na yara ba ne kawai, an kuma ba ki sunan finafinai biyu da ke magana kan ƙuruciya da kewar abin da ya wuce, Only Yesterday da 5 Centimeters per Second. Kina son sanin wanne za ki fara, da kuma ko za a iya kallo yara na zaune. Amsar a gajarce: ki fara da Only Yesterday, ki bar ɗayan sai daren da gida ya yi tsit. Amma ki sani bayanin nan zai taɓa ƙarshen labaran, don a ƙarshen ne suka raba hanya.

Only Yesterday, wanda sunansa na asali Omoide Poro Poro ne, wato tunanin da yana zubowa ɗis-ɗis kamar hawaye, ya fito a Yulin 1991 daga kamfanin Studio Ghibli. Isao Takahata ne ya ba da umarni, lokacin yana da shekara 55, kuma fim ɗin ya kusa awa biyu. Shi kuwa 5 Centimeters na Makoto Shinkai ne, ya fito a Maris ɗin 2007 yana da shekara 34, minti 63 ne kacal, an yanka shi kashi uku. Wannan tazarar shekaru ta fito fili a aikin. Takahata yana kallon ƙuruciya daga nesa, har yana iya yi mata dariya. Fim ɗin Shinkai kuwa kamar gyambon da bai kame ba ne.

A na Takahata, Taeko ma'aikaciyar ofis ce a Tokyo, shekararta 27, ba ta yi aure ba, kuma gida an fara yi mata ƙorafi. A 1982 ta ɗauki hutun kwana goma ta hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yamagata, don ta taya dangin mijin yayarta tsinkar furen benibana, wanda ake fitar da jan launi daga cikinsa. Tun a hanya sai yarinyar da take a 1966, 'yar aji biyar mai shekara goma, ta liƙe mata. Daga nan fim ɗin ya riƙa kai da komo tsakanin gona da aji.

Abubuwan da take tunawa ƙanana ne, kuma nan ƙarfin fim ɗin yake. Babansu ya sayo abarba ɗanya, a zamanin da yawancin mutanen Japan ta gwangwani suka sani. Aka ajiye ta ana kallo, ba wanda ya san ta inda ake yanka ta, sai daga baya babbar yaya ta koyo. Aka yanka, kowa ya kai baki, sai ɗaki ya yi shiru: abarbar ba ta nuna ba, ga tauri, ba zaƙi. Yayyen suka tura mata nasu rabon. Taeko, da ita ce ta fi kowa ɗoki, ta ci gaba da tauna tana tilasta wa kanta, ido ya kawo ruwa, har aka yanke hukuncin cewa ayaba ce dai sarauniyar 'ya'yan itace. Takahata bai hanzarta wurin ba, ya bar ki kina kallon muƙamuƙai na motsi.

Sai batun lissafi. Ta ci maki 25 a jarrabawa, ta kuma jiyo uwarta tana cewa yarinyar nan ba daidai take da sauran yara ba. Yayarta Yaeko ta zauna koya mata raba 2/3 da 1/4: ki juya na biyun, ki ninka, shi ke nan. Taeko ta ƙi yarda. Ta zana tuffa, ta yanka uku, ta ɗauki biyu, ta raba wa mutum huɗu, ta samu 1/6. Amsarta kuskure ce, daidai ita ce 8/3, amma tambayarta ba ta wauta ba ce: me ake nufi da a raba abu da kwata, kuma ta yaya za a raba abu ya ƙaru? Yayar ba ta da amsa sai tsawa. Bayan shekara goma sha shida Taeko tana gaya wa Toshio, matashin manomin da ke yawo da ita a motarsa, cewa a ganinta duk wanda ya haɗiye wannan ƙa'ida ba gardama, rayuwarsa ma haka take tafiya sumul.

Shinkai ba ya tara irin waɗannan ƙananan abubuwa. Dare ɗaya ya kama, ya rataya fim ɗin gaba ɗaya a kansa. Wani yaro, Takaki, da wata yarinya, Akari, sun shaƙu a firamare a Tokyo, aka yi wa iyayenta canjin wurin aiki zuwa Tochigi, suka koma wasiƙa. Da ya ji su ma za su ƙaura can kudu, yankin Kagoshima, sai ya shirya zuwa ganinta ranar 4 ga Maris 1995, yana ɗan shekara 13. Sun yi alƙawarin ƙarfe bakwai na dare a tashar Iwafune. Ya rubuta jerin jiragen da zai canja a takarda, ta Shinjuku da Omiya da Oyama. Dusar ƙanƙara ta sauko. Kowace tasha sai an sanar da jinkiri, ba wayar hannu, wasiƙar da ya ɓata makonni yana rubutawa iska ta fizge ta daga aljihunsa, jirgin kuma ya tsaya cik a tsakiyar fili awa biyu. Har ya cire agogonsa ya ajiye don ya daina dubawa. Ya isa bayan sha ɗaya, ya tarar da ita zaune gefen murhu a ɗakin jira, da abincin da ta dafo. Wannan kashi na farko shi ne mafi kyawun abin da ke fim ɗin, kuma ko shi kaɗai aka kalla an ci riba.

Kashi na biyu a tsibirin Tanegashima da su Takaki suka koma yake, inda Japan ke harba roka, a 1999. Wata 'yar ajin Takaki, Kanae, tana sonsa, ta kasa furtawa, ta kuma gane da kanta cewa idonsa na kallon wani wuri da ya wuce ta. Yana ta rubuta saƙo a waya ba tare da ya aika wa kowa ba. Kanae ce mutum mai jini a jika a fim ɗin. Akari kusan inuwa ce, ba mu san abin da take so ko take ƙi ba. Kashi na uku a Tokyo ne, 2008. Takaki ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta, ya ajiye aiki, ya rabu da wadda suka shekara uku tare, Akari kuwa tana shirin aure da wani. Suka gifta juna a mahaɗar titi da layin dogo, ya juyo, jirage biyu suka shiga tsakani, da suka wuce ba kowa a can gefen.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Fim ɗin Shinkai ya yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari: tunanin dare ɗaya ya cinye wa Takaki shekara goma sha uku. Na Takahata gardama yake yi da ita. Taeko tana tuna bara ne don ta gane abin da ke damun bana. Da kakar gidan da ta sauka ta fito fili ta ce me zai hana ta zauna ta auri Toshio, sai ta fice a guje, don ta gane son ƙauyen da take ta faɗa na 'yar hutu ne, ba ta taɓa ɗanɗana hunturunsu ko bashin manomi ba. A daren ne ta tuna Abe, wani yaro matalauci mai dauɗa da ta zauna kusa da shi a aji tana nuna masa kirkin ƙarya, wanda ranar da zai bar makarantar ya gaisa da kowa hannu da hannu ban da ita. Tunanin bai yi mata daɗi ba, amma shi ya nuna mata halinta. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa ki fara da shi: mai shekara talatin ko arba'in zai fi samun abin taunawa a ciki.

Ba wai ba shi da aibu ba. Toshio na da dogon jawabi kan noma ba takin zamani da halin da manoman Japan ke ciki, wani wurin kamar lacca. Akwai kuma bayanin sarrafa furen daki-daki: a tsinka da asuba tun raɓa na tausasa ƙayar, a wanke ruwan ɗorawar ya fita, a bari ya kwana biyu ya rine, a daka, a dunƙula a shanya. Wasu nan suke gajiya. Amma a nan ne ake faɗin cewa 'yan matan da suka riƙa tsinkar furen a da ba su taɓa shafa jan-bakin da ake yi da shi ba, na matan Kyoto ne. Aibun Shinkai kuwa yawan maganar zuci. Yaro ɗan 13 yana zance kamar tsohon mawaƙi.

Zanen ma ya bambanta, kuma nan mutane ke yin kuskure. A Only Yesterday, wuraren 1966 gefunansu fari ne fes, kamar ba a gama fenti ba. Ba lalacewar kwafi ba ce, da gangan ne, don haka tunani yake, tsakiya a fili gefe a dushe. Wuraren 1982 kuwa cike suke, kuma an fara ɗaukar muryoyin 'yan wasa kafin a yi zanen, aka zana har motsin naman kumatu. Shi ya sa in Taeko ta yi murmushi sai ki ga kamar ta haura arba'in. A 5 Centimeters fuskoki ba su da wani aiki sosai, ƙoƙarin duk ya tafi kan sararin sama da hasken tasha da wayoyin lantarki, waɗanda aka zana daga hotunan wuraren gaske. Rabin kashi na farko cikin duhu da dusar ƙanƙara yake, saboda haka ƙaramin kwafi da aka matse don tsimin data yakan farfashe ya zama dabbare-dabbare. In a waya za ki kalla, Only Yesterday ya fi jure hakan.

Babban tarko: kada ki kashe Only Yesterday da zarar sunayen ma'aikata sun fara hawa allo. Taeko ta hau jirgin komawa Tokyo, waƙa ta tashi, mutane da yawa sukan ɗauka an gama, su tafi da zaton ta bar ƙauyen ke nan. Ainihin ƙarshen yana gudana ne a bayan sunayen, ba magana ko ɗaya, har sai allo ya yi baƙi. Haka ma kashi na uku na 5 Centimeters, wajen minti biyar na ƙarshensa waƙa ce da hotuna na wucewa da sauri. Wanda ya tsallake waƙar ba zai ga yadda wasiƙun suka yi ta raguwa har suka ƙafe ba, kowannensu yana leƙa akwatin wasiƙa yana tarar da shi wayam.

Game da yara: ba faɗa ko tsiraicin banza a ko ɗaya, amma ba don su aka yi ba. A Only Yesterday akwai dogon wuri kan yadda aka koya wa 'yan mata batun jinin al'ada a makaranta da yadda samari suka mai da shi abin tsokana, akwai gidan wanka, akwai inda uba ya mari Taeko don ta fito waje ba takalmi. 'Yar shekara goma sha biyu zuwa sama za ta amfana in kina kusa kina yi mata bayani. Ƙanana kuwa barci za su yi. A 5 Centimeters akwai sumba tsakanin yaran biyu, sun kuma kwana a wata rumfar gona har gari ya waye, sannan ga giya da sigari a kashi na uku. Wannan ki kalla ke kaɗai tukuna.

Ki zaɓi muryar Japananci da fassara a ƙasan allo, musamman a Only Yesterday, tunda a kan waɗannan muryoyin aka zana fuskokin; muryar Turancin sai a 2016 aka ɗora ta, shekara 25 bayan fitowarsa. Netflix ta sa shi cikin finafinan Ghibli da ta fara nunawa a ƙasashen Afirka a Fabrairun 2020, don haka nan za ki fara dubawa. Wajen neman 5 Centimeters kuma ki lura da shekara, domin an sake yin labarin da 'yan wasa na gaske a 2025 da suna iri ɗaya. Na 2007 mai minti 63 shi ne wanda aka ba ki sunansa.