Zoben tumbi ko yanke tumbi: wanne ya fi haɗari?

Wata 'yar uwa ta ce likita ya ba maigidanta zaɓi saboda ƙiba: ko a sa masa zobe a tumbi, ko a yanke tumbin. Tana tambayar wanda ya fi haɗari.

Hajiya, haɗarin kowanne da lokacinsa. Na yanka a makonnin farko yake, na zobe kuwa sai tafiya ta yi nisa.

Zoben na silikon ne. Ana ɗaura shi a wuyan tumbi, ya bar ɗan aljihu mai cin kamar cokali 2 na abinci. Siririn tiyo ne ya haɗa shi da wata 'yar ma'ajiya a ƙarƙashin fatar ciki, ta nan ake ɗura ruwan gishiri a matse zoben, ko a zuƙe a sassauta. Ba a yanka tumbin, shi ya sa aikin ke da sauƙi. Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, amma yanzu likitoci da yawa sun ja baya da shi, don masu komawa tiyata a cire suna da yawa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne zamewa. Yawan amai ko cusa loma yakan tura tumbi sama ta cikin zoben, ya shaƙe, har ruwa ya ƙi wucewa. A garzaya asibiti, a zuƙe ruwan zoben duka, a yi hoto. In aka yi jinkiri jini yana iya yankewa, naman wurin ya mutu. Akwai kuma cin bango, inda zoben ke nutsewa sannu a hankali cikin tumbi. Shi wannan ba ya hayaniya: mutum ya ga ya daina ƙoshi, ƙiba na dawowa, ko wurin ma'ajiyar ya yi ja yana mugunya. Zobe in ya matse da yawa, bututun abinci yakan buɗe, ga ƙwannafi da tarin dare. Tiyon ma yana fashewa.

A yanka ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, kuma ba ya dawowa. Abin tsoro yoyon ɗinki ne, galibi ta saman tumbin. Alamunsa: bugun zuciya ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu. Daga baya sai ƙwannafi da ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, don haka shan bitamin ya zama na dindindin. Amma ya fi zobe rage ƙiba.

In a Indiya ko Turkiyya za a yi aikin zoben, ku fara samun wanda zai riƙa daidaita zoben a gida. Ana farawa bayan mako 4 zuwa 6, ana maimaitawa, kuma da allura ta musamman, don ta yau da kullum tana lalata ma'ajiyar. In babu mai daidaitawar, a ganinmu kada a sa zobe. In kuma maigida yana fama da ƙwannafi tun yanzu, duka biyun ba su dace sosai ba. Ku tambayi likita batun tiyatar karkatar da hanji, wato a haɗa ɗan aljihun tumbi kai tsaye da ƙaramin hanji.