Motar haya ko direba a Saudiyya? Ɗauki direba, Alhaji

Alhaji, ka tambaya ko ka yi hayar mota ka tuƙa da kanka a Saudiyya ko ka ɗauki direba. Ɗauki direba ka huta, ballantana da Hajiya Babba za ka yi Umrar nan.

Zuwanmu da mahaifiyata, wani Bahaushe haifaffen Makka ne ya yi ta jigilarmu kwana tara. Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci, ba ya cewa "to", sai "ɗayyib". Madina zuwa Makka wajen kilomita 450 ne, kamar ka yi Gombe zuwa Bauchi sau uku, ga titi miƙe ɗoɗar, hamada hagu da dama, irin hanyar da barci ke sace mutum. Shi ko a jikinsa. Ya tsaya mana a Zul Hulaifa muka ɗaura harami ba tare da an tuna masa ba. Da ƙafar tsohuwa ta kumbura, ya ratse wani gidan mai da ya san yana da masallaci da banɗaki mai tsabta, ya zaro keken tura marasa lafiya daga but. Har yau tana sa shi a addu'a. Ranar da muka hau Ɗa'ifa kuwa, da na ga yadda hanyar dutsen Hada ke murɗewa, na gode wa Allah da ba ni ke riƙe da sitiyari ba.

Motar haya ta tuƙa-da-kanka sau ɗaya na ɗauka a Jidda. Ta fi araha a takarda, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Sai ka nemi lasin na ƙasa da ƙasa tun daga gida, su riƙe kuɗin ajiya a katinka, kusa da Harami ba wurin fakin, kuma kyamarorin Saher masu kama masu karya dokar hanya ba su san "yi haƙuri, yallaɓai" ba. Ina Gombe, har na manta, tara biyu suka biyo ni.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tare mutane a bakin filin jirgi. Za a ce maka riyal kaza, sai kun isa ka ji wai ai kowane kai ne. Ku yanke magana kafin jaka ta shiga but: kuɗin mota gaba ɗaya, har da jira, har da ziyarar Uhudu da Kuba. Dillalin nan gida da zai ce ka biya shi duka, wai yana da yaro a can, ba shi rabi ma ka yi ƙoƙari.

Zirga-zirgar cikin gari kuma manhajojin kiran mota na Careem ko Uber sun ishe ka.