Ɗaga tsohuwar boksi: ɗaga jiki ko sauya sifirin?

Mai tsohuwar Hilux, wadda a Sudan ake kira boksi, idan yana son manyan tayoyi domin ratsa laka mai danƙo ta gonakin Gadarif da damina, hanya biyu ce a gabansa ta ɗaga motar don tayoyin su samu wuri. Ta farko ita ce bakanike ya cusa ƙarafa masu kaurin inci 2 tsakanin jikin motar da shasi. Wannan ta fi araha, amma sifirin da ya gaji yana nan yadda yake, don haka da zarar an lafta buhunan dawa ko riɗi, bayan motar zai durƙusa har taya ta riƙa gogar jiki.

Ta biyu, wato sanya sabbin sifirin da shokazoba masu ƙara wa motar tsayi, ta fi cin kuɗi, domin sai an tsawaita tiyon birki, kuma farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, takan karkace ta riƙa cinye mahaɗarta da wuri. Duk da haka ita nake ganin ta dace da motar neman abinci, tunda ƙarfin ɗaukar kaya take maido mata. Kowacce aka zaɓa, mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, kuma babbar taya tana rage mata ƙarfin ja.