Zirin fitilar LED na ƙarƙashin kabad: wanne ya cancanci kuɗinsa, kuma yaya ake ɓoye shi

A yawancin sababbin gidajen Damagaram, ƙwan lantarkin kicin yana can sama a tsakiyar ɗaki. Mai girki ta ba shi baya, sai inuwarta da ta kabad ɗin bango su sauka daidai inda take yanka albasa. Zirin fitilar LED da ake liƙawa a ƙarƙashin kabad shi ke maganin wannan, kuma yanzu ana samunsa a shagunan kayan wuta cikin gari, naɗe a faifai mai mita 5. Sai dai ba duka ba ne suka dace da kicin, kuma mai kyan ma yakan zama abin takaici in ba a ɓoye shi yadda ya kamata ba.

Iri uku aka fi gani. Akwai mai volt 220 da ake sokawa kai tsaye a bango. Yana da araha, amma ba ma ba da shawararsa: haskensa yana ƙyafƙyaftawa, galibi ba ya yankuwa sai a kan mita guda-guda, kuma wuta mai wannan ƙarfi ba ta da wurin zama kusa da famfo da jiƙaƙƙen hannu. Sai mai volt 12 mai ƙwayoyi 60 ko 120 a kowace mita. Na uku shi ne COB, wanda ƙwayoyinsa suka matsu har haskensa ya zama layi ɗaya babu ɗigo-ɗigo. COB mai volt 24 shi ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Dalili kuwa, tayil da dutsen kan teburin girki suna da sheƙi, kuma duk yadda aka ɓoye zirin mai ƙwayoyi 60, ɗigon haskensa zai fito a jikinsu kamar an jera ƙwayoyin carbi.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɓare takardar bayan zirin a manna shi a jikin katako haka nan. Gam ɗin ba ya jure zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da gari ke wuce digiri 40, balle an haɗa da tururin tukunya da maiƙo. Sai ka ga gefe ɗaya ya saki yana reto. Katako kuma ba ya shan zafi, don haka ƙwayoyin suna gasuwa a hankali, hasken ya dushe tun ba a je ko'ina ba. Saboda haka duk wanda zai sayi ziri ya haɗa da gidansa na alminiyam, mai murfin roba fari kamar madara. Ƙarfen yana janye zafi, murfin yana tausasa haske, yana kuma tare ƙurar hunturu. Mai sayarwar da ya ce maka gidan nan ado ne kawai, bai san kayansa ba.

Wajen ɓoyewa hanya biyu ce, kuma tun kafin kafinta ya yanka katako ya kamata a zaɓi ɗaya.

Ta farko, a fafe gurbi a ƙasan kabad a nutsar da gidan alminiyam ya yi daidai da fuskar katako. Siririn gida yakan kai milimita 17 a faɗi, zurfinsa wajen 7. A katako mai kaurin milimita 18 saura wajen 11 ke nan, ya isa ya ɗauki kwanuka. In katakon milimita 15 ne ko ƙasa da haka, kada a fafe, zai lanƙwasa. A kai wa kafinta gidan da kansa ya auna, domin faɗinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wannan hanya ta fi tsabta da sauƙin gogewa, amma tana son injin fafe katako da hannu mai natsuwa. Da kurfi da guduma gurbin ba ya miƙewa.

Ta biyu, a ɗaure gidan a fuskar katako da ƴan maƙalansa, sannan a sa leɓen katako mai santimita 3 zuwa 4 a gaba ya kare shi. Wasu kafintoci sukan tsawaita ƙofar kabad ta sauko ƙasa ta yi wannan aiki, har ta zama abin kamawa wajen buɗewa. Dabara ce mai kyau, illarta ɗaya: da an buɗe ƙofa fitilar ta bayyana.

A nan ne awon da ake kwafowa daga hotunan Turai yake ba da kunya. Can a tsaye ake girki, leɓe mai santimita 2 ya wadatar. Mu kuwa uwargida takan zauna a ƴar kujera tana gyaran shinkafa ko tana tankaɗe, yara kuma suna kan tabarma. Kabad yana sama da tebur da santimita 50 zuwa 60, wato daga zaune ana kallon ƙarƙashinsa sarai, hasken ya soki ido. Don haka kafin a ɗaure komai, a riƙe zirin da salatif, a kunna da dare, uwargida ta zauna inda ta saba zama ta duba. In tana ganin ƙwayar fitilar, a ƙara tsawon leɓe, ko a koma ga gidan kusurwa mai digiri 45 wanda ke juya haske wajen bango. A kula dai, in tayil ɗin bangon mai ƙyalli ne, zai dawo da hoton fitilar.

Zirin ya zauna ta gaba, santimita 3 zuwa 5 daga bakin kabad. Zurfin kabad wajen santimita 30 zuwa 35 ne, tebur kuwa 60. In aka tura shi can jikin bango, tayil ne zai sha haske, wurin aiki ya zauna a duhu.

Transfo, wato na'urar da ke rage wutar bango zuwa volt 12 ko 24, shi ne abin da ke fara mutuwa. Lissafinsa ba wuya. Zirin da ke cin wat 9.6 a mita, in tsawonsa mita 3 ne, wat 28.8 ke nan. A ƙara kashi 20 cikin ɗari, ya kama wajen wat 35. Mai wat 36 zai yi, amma da zafinmu gara mai 60, ya yi aiki ba a takure ba. A aza shi a saman kabad inda iska ke ratsawa kuma hannu ke kaiwa. Kada a rufe shi a bayan katako, kada kuma ya kasance saman murhu. Ziri mai volt 12 kada ya wuce mita 5 daga inda aka ba shi wuta, in ya wuce ƙarshensa zai yi dishi-dishi. Mai volt 24 yakan kai ninkin haka. A yanka shi kan alamar almakashi kawai, a haɗa waya da dalma. Ƴan maƙalan roba na haɗi sukan saki, kuma yawancin ƙyafƙyaftawar da ake ɗora wa ziri daga gare su take. Waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75 ta isa gajeren nisa, a huda mata ramin milimita 8 a kusurwar baya, a toshe da silikon saboda kyankyaso.

Mai volt 12 yana da fa'ida ɗaya da ba za a raina ba. Gidan da ke da batirin sola zai iya ba shi wuta daga can, in kuran ya ɗauke girki bai tsaya ba. Amma batir yakan haura volt 14 lokacin caji, wannan kuwa yana ƙona ƙwayoyi. A sa ƙaramar na'urar daidaita wuta da fis a tsakani.

Launin haske kuma, wanda ake nunawa da lamba mai K a ƙarshe, 6500K ya fi yawa a kasuwa, fari mai shuɗi-shuɗi da ke sa miya ta yi fatsi-fatsi. 4000K ya fi dacewa da wurin aiki, 3000K kuma ga mai son ɗumi-ɗumin launi. A duba kwali a ga CRI, ma'aunin yadda haske ke fito da launin abu, ya kai 90, shi ke sa jan tattasai da launin nama su fito yadda suke. Zirin da aka lulluɓe da roba don ruwa ba dole ba ne in yana cikin gidan alminiyam, robar ma takan yi rawaya ta riƙe zafi. A sayi duk abin da ake buƙata lokaci ɗaya, domin faifai biyu masu lamba iri ɗaya sukan bambanta a launi, kuma a ce wa mai shago ya kunna faifan gaba ɗaya a gabanka kafin a biya.